DARASI NA 9: NEMAN KUƊI TA WAYA, DA YADDA ZA MU TSARE JARINMU

Lokaci: Awa ɗaya da rabi, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: Babbar waya guda ɗaya, ƙaramar waya guda ɗaya, allo da alli ko babbar takarda da maka, da samfurin kayan sana'ar mambobi biyu ko uku.

Abin da ake so kowace mamba ta tashi da shi:
1. Ta san hanyoyin da ake samun kuɗi na gaskiya ta waya.
2. Ta iya fitar da ribarta bayan ta cire kuɗin data, caji, POS da mota.
3. Ta gane alamun damfara kafin ta tura ko sisi.
4. Ƙungiya ta yanke ƙa'ida a kan bashin da za a zuba a harkar waya.

Gabatarwa

A zagayen da nake yi tsakanin ƙungiyoyinmu na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, akwai tambayar da ba ta taɓa wuce ni: "Malama, wai da gaske ne ana samun kuɗi a waya?" Wata 'yarta ce ta nuna mata bidiyon mai sayar da atamfa daga cikin ɗakinta. Wata kuma ƙanin mijinta ne ya ce ta kawo dubu goma ya sa mata a wani abu, wata ɗaya ta zama dubu ashirin.

Amsata ita ce: eh, ana samu. Kuma ana yin asara, asarar da ke cinye zubin shekara guda a dare ɗaya. Kuɗin da ke cikin akwatin nan guminmu ne, kuɗin ƙuli-ƙuli ne da na tunkiya da na kitso, don haka dole mu yi maganar nan dalla-dalla kafin wata ta ɗauki bashi ta kai shi inda ba zai dawo ba.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, mata da yawa a ƙauyukanmu suka koyi karɓar tiransifa ba don suna so ba. Yanzu mai POS ya zama kamar mai shago a kowace unguwa. Waya ta riga ta shigo cikin cinikinmu, saura mu iya riƙe ta.

Kashi Na Ɗaya: Hanyoyi Uku

Duk wanda ya ce miki yana samun kuɗi a intanet, cikin ukun nan ɗaya yake yi.

Ta farko, sayar da kaya. Kina da man gyaɗa, yajin daddawa, garin kunu, turaren wuta, tabarma ko hular da kika ɗinka, sai ki yi amfani da waya ki sanar da mutane. Kayan ne ke kawo kuɗi, waya tallan kawai take yi, kamar yarinyar da a da ake ɗora wa faranti a ka. Bambancin shi ne yanzu yarinyar tana makaranta, waya ce ke yawon.

Ta biyu, sayar da ilimi ko fasaha. Akwai masu koyar da girki ko haɗa sabulu a bidiyo, akwai marubuta mata da ke sayar da labaransu babi-babi a guruf na WhatsApp, akwai masu finafinai da ke sakin shirinsu a YouTube. Wannan ma sana'a ce, amma tana da tsawon hanya, za mu zo kanta.

Ta uku, "zuba kuɗi ki kwanta, riba za ta zo." Babu kaya, babu aiki, sai alkawari. Wannan ita ce ramin da ya cinye mutane, kuma a kanta za mu fi daɗewa.

Kashi Na Biyu: Talla Ta Waya

Ba sai kina da babbar waya za ki fara ba. Da ƙaramar waya mai tocila za ki iya tara lambobin masu sayen kayanki, ranar da kika soya ƙuli ki kira su. Wannan ma ciniki ne ta waya. Idan kuma akwai babbar waya a gidan, taki ko ta 'yarki, ga abin da ya fi aiki a yankinmu:

Sitatus na WhatsApp. Hoton da kika ɗora yana zama awa 24, kuma waɗanda ke ganinsa su ne waɗanda kike da lambarsu su ma suke da taki. Ke nan jarinki na farko lambobin mutane ne. A gidan biki, a gidan suna, a Islamiyya, a asibiti ranar awo, duk wadda ta ɗanɗana yajinki ta yaba, ki karɓi lambarta ki ba ta taki.

Saƙon murya. Rashin iya rubutu ba ya hana ciniki. Danna ki yi magana: sunan kaya, awo, farashi, da garin da kike. Ki taƙaita, kada ya wuce rabin minti.

Hoto. Ki ɗauka da safe ko da la'asar a tsakar gida, inda akwai haske. Shimfiɗa farin ƙyalle mai tsafta, ki goge robar, ki kawar da kwanukan wanke-wanke daga bayan hoton. Hoton kayanki na gaskiya za ki sa. Idan kika ɗauko hoton wata kika ɗora, mai saye za ta karɓi kaya ta ga bambanci, ta tafi ke nan, kuma za ta gaya wa ƙawayenta.

Farashi. Ki faɗe shi a fili tare da awo: roba kaza, naira kaza. Da yawa daga masu saye ba sa son tambaya, idan ba su ga farashi ba wucewa suke yi.

Su wa za su saya? Ki fara da na kusa. A cikin garin Kazaure akwai ɗalibai da ma'aikatan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, akwai ma'aikatan asibiti da na sakatariya, mutanen da ba su da lokacin daka yaji ko matsar gyaɗa. Bayan su akwai 'yan uwanmu da aure ko aiki ya kai Kano, Daura, Dutse ko Abuja, suna kewar daddawar gida. Kayan da ba sa lalacewa da wuri su ne suka dace da tafiya: ƙuli-ƙuli, busasshen zoɓo, riɗi, kuka, kuɓewa busasshiya, turare. Fura da awara kuwa na cikin gari ne.

Abu ɗaya kuma game da mutunci: ba dole ba ne fuskarki ta fito. Kaya ake saye. Ki yi shawara da maigida tun farko, ya san lambar da kike ciniki da ita, don kiran baƙin lambobi kada ya zama fitina a gida. Wanda ya bar maganar kaya ya koma wata magana, ki toshe lambarsa, ba sai kin yi musu da shi ba.

Kashi Na Uku: Ina Ribar Take?

Nan ne mata da yawa ke yaudarar kansu. Kuɗi na shigowa, alat na ƙara, amma ƙarshen wata jari ya ragu. Dalili shi ne akwai ƙananan kashe-kashe da ba a lissafa su. Jagora ta rubuta wannan misali a allo. Alƙaluman na gwaji ne, kowace ƙungiya ta sa farashin kasuwarta na wannan makon.

Gyaɗa kwano 10: N20,000
Niƙa: N1,500
Itace: N1,000
Robobi da leda: N1,500
Data: N1,000
Cajin waya a shago: N300
Ɗan acaɓa zuwa tasha: N700
Cajin mai POS wajen cire kuɗi: N300
Jimillar kashewa: N26,300

An sayar da mai da ƙuli gaba ɗaya: N31,000
Riba ta gaskiya: N4,700

To, kun gani? Wadda ta lissafa gyaɗa da niƙa da itace kaɗai za ta ce ta kashe N22,500, ta ci ribar N8,500. Sai ta ɗebi N8,000 ta yi anko. Ashe N3,300 daga ciki jarinta ne ta ci. Ta yi haka sau shida, ta cinye kusan kuɗin gyaɗa kwano goma ba ta sani ba.

Data ita ce ɓarauniyar da ba a jin motsinta. Kin sayi ta dubu ɗaya don talla, yara suka kalli bidiyo da ita da daddare, gobe sai kin sake saye. Ki ware datar sana'a, ki kashe ta idan kin gama, kuma ki rubuta kuɗinta a littafinki kamar yadda kike rubuta kuɗin itace. Wadda ba ta rubutu ta yi zane ko ta sa ɗanta ya rubuta mata kowace yamma.

Kashi Na Huɗu: Karɓar Kuɗi Da Tura Kaya

Ki buɗe asusu da sunanki. Idan cinikinki na shiga asusun ƙaninki ko na mai POS, ba ki da ikon sanin abin da ya shigo, kuma ranar da aka samu saɓani ba ki da hujja. Ana buɗe asusu da lambar NIN ko BVN, a banki ko a manhajoji irin su OPay, Moniepoint da PalmPay. Lambar asusu guda 10 ce, ita kaɗai za ki ba mai saye.

Ƙa'idoji huɗu, a maimaita su da baki har sai kowa ta haddace:

1. Kaya ba ya fita sai kuɗi ya shiga. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ana ƙirƙirarsa. Ki duba ragowar kuɗin da ke asusunki da kanki, ki ga ya ƙaru.
2. Idan sabis ya yi rauni, a jira. Mai gaskiya zai yi haƙuri. Mai cewa "mota za ta tashi, ki yi sauri" shi ne abin tsoro.
3. Lambar sirrinki taki ce ke kaɗai. A wurin mai POS ki danna da hannunki, ki kare da ɗaya hannun. Kada ki rubuta ta a jikin katin.
4. Babu ma'aikacin banki da zai kira ki ya tambayi lambar sirri ko lambar da aka turo miki ta tes. Haka lambobi 6 da WhatsApp ke turowa: duk wanda kika karanta wa su ya ƙwace WhatsApp ɗinki, ya shiga roƙon kuɗi a wurin 'yan uwanki da sunanki.

Wajen tura kaya, a kai tasha a ba direban da ke lodi a layi, wanda shugabannin tashar suka sani. A karɓi lambar wayarsa da lambar motar a tura wa mai kaya. A rubuta suna da lambar mai karɓa a jikin ƙullin. Tun kafin a ɗaure kaya a yi magana a kan wanda zai biya kuɗin mota. Mai kuma a ɗaure bakin robarsa da leda kafin a rufe, don idan ya zube a hanya asararki ce.

Kashi Na Biyar: Masu Bidiyo Da Rubutu

'Yan matanmu da samari suna ganin masu bidiyo suna canza sutura da motoci, sai su ɗauka daga an ɗora bidiyo kuɗi ke zubowa. Bari mu faɗi yadda abin yake. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mai dogayen bidiyoyi, sai ya tara mabiya 1,000, kuma an kalli bidiyoyinsa na awa 4,000 cikin wata 12. Bayan nan ma ba a turo kuɗin sai ya taru ya kai dala 100. Duk tsawon wannan lokaci ke ce ke sayen data, ke ce ke biyan caji, ba abin da ke shigowa.

Saboda haka ba mu ba da shawarar a ɗauki bashin ƙungiya, wanda ake biya cikin wata uku, a sayi waya don a zama mai bidiyo. Bashin zai cika kafin kuɗin farko ya zo, in ma zai zo. Amma bidiyo na da amfani ta wata fuskar: gajeren bidiyo da ke nuna hannunki yana tace mai a wuri mai tsafta ya fi dogon bayani jawo mai saye. Idan kuma kin ƙware a wani abu, kamar haɗa turare ko saƙa, za ki iya koyar da mata kaɗan a guruf su biya ki. Sharaɗin dai ki iya abin da gaske, kuma ki cika abin da kika yi alkawari.

Kashi Na Shida: Ramin "Zuba Kaɗan, Kwashi Da Yawa"

Zan fara da kaina, don kada wata ta ji kunya. Ina shekarar ƙarshe a makaranta wata ƙawata ta nuna min wata manhaja: ki biya N5,000 na rajista, ki riƙa kallon talla kullum, ana tara miki kuɗi. Na biya daga kuɗin abincina. A fuskar waya na ga kuɗina ya haura dubu ashirin. Da na zo cirewa aka ce sai na kawo mutum uku. Na kawo biyu, ɗaya ƙanwar babata ce. Kafin in samu ta uku manhajar ta daina buɗewa. Dubu biyar ɗin ba su dame ni kamar zuwa gaban Gwaggo in yi mata bayani ba. Ina da karatuna fa aka yi min haka.

Abin ba sabo ba ne. MMM, wanda wani ɗan Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya ƙirƙiro, ya yi wa 'yan Najeriya alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 duk wata. A watan Disamba na 2016 aka rufe asusun mutane, dubbai suka rasa kuɗin makaranta, na haya da na jari. A watan Afrilu na 2025 kuma CBEX ya rushe, bayan ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30. Hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta ce ba shi da rajista da ita, EFCC ta shiga bincike. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a 2025 ta haramta irin wannan tsari ƙarara, har da hukuncin ɗauri ga masu gudanar da shi. Sai dai kama ɓarawo daban, dawowar kuɗi daban.

Ga yadda tarkon yake aiki. Babu wata sana'a a bayansa. Kuɗin waɗanda suka shigo yau ake ba waɗanda suka shigo jiya a ce riba ce. Shi ya sa na farko suna samu da gaske, kuma su ne ke rantsuwa suna jawo 'yan uwansu da zuciya ɗaya. Ranar da sababbin shiga suka ragu, masu abin su kwashe ragowar su ɓace.

Jagora ta yi wannan lissafi a allo tare da mambobi. Idan da gaske N10,000 na ninkuwa duk wata: wata na farko 20,000, na biyu 40,000, na uku 80,000, na shida 640,000, na goma sha biyu sama da naira miliyan 40. Ku tambayi kanku: wane ɗan kasuwa ne a Dawanau ko Kantin Kwari ke juya dubu goma ta zama miliyan arba'in a shekara? Kuma wanda ya san wannan sirri, me zai sa ya biyo ki har Gwiwa yana roƙon dubu gomarki? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Alamun da za ki gane su:
- Riba mai yawa, tabbatacciya, ba maganar faɗuwa.
- Sai kin biya kafin a ba ki aiki, tallafi ko bashi.
- Sai kin kawo wasu kafin ki cire kuɗinki.
- Ana gaggauta ki: "yau za a rufe."
- Ba wanda zai iya faɗa miki a Hausa mai sauƙi abin da ake saye da sayarwa.
- Shuɗin rubutu a WhatsApp da ke cewa ki danna ki cike BVN don karɓar tallafin gwamnati.

Wani lokaci za su zo da sallama da ambaton Allah, su ce ai taimakon juna ne kamar adashi. Adashinmu mun san fuskar kowa, mun san gidan kowa, ana ƙirga kuɗi a gaban idonmu. Wannan tsari na akwati da muke bi a yankin Maraɗi aka fara shi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, kuma abin da ya riƙe shi har ya bazu ƙasashe shi ne komai a fili ake yi. Duk tsarin da ba ki san wanda ke riƙe da makullinsa ba, ba irin namu ba ne.

Idan abin ya riga ya faru, kada ki ɓoye. Ki je banki ko ki kira su a ranar a toshe asusun, ki canza lambar sirri, ki ajiye rasit da lambar da aka tura wa kuɗin, ki kai rahoto wurin 'yan sanda. Ki kuma faɗa wa ƙungiya, don kada wata ta faɗa a bayanki. Wanda ya kira ya ce ki biya wani abu zai dawo miki da kuɗin da kika rasa, shi ma ɗan damfara ne.

Kashi Na Bakwai: Shawarar Da Ƙungiya Za Ta Yanke Yau

A tattauna waɗannan, abin da aka amince da shi sakatariya ta rubuta a cikin dokokin ƙungiya:
1. Ba a ba da bashin akwati don zuba shi a manhaja ko tsarin ninka kuɗi.
2. Mai neman bashi don ciniki ta waya ta kawo samfurin kaya da lissafinta irin na Kashi Na Uku.
3. Ba a tallata wani tsarin zuba kuɗi a wurin taro ko a guruf ɗin ƙungiya.
4. A zaɓi mamba ɗaya mai babbar waya ta riƙa ɗora kayan sauran, a yanke ladan da za a ba ta a kan kowane ciniki tun yanzu, kowa ta ji.
5. Masu tura kaya gari ɗaya su haɗa ƙulli ɗaya su raba kuɗin mota.

Ɗan Wasan Kwaikwayo

Mata biyu su fito, ɗaya mai sayar da yaji, ɗaya mai kira a waya.

Mai kira: Salamu alaikum Hajiya, na tura kuɗin roba goma, kin ga rasit. Yarona yana ƙofar gida, ki ba shi.
Mai yaji: Wa alaikumus salam. Na ga hoton, Alhaji, amma kuɗin bai shigo ba tukuna.
Mai kira: Haba Hajiya, sabis ne. Ni zan cuce ki? Mota za ta tashi fa.
Mai yaji: Allah ya huci zuciyarka, ba zargi ba ne, ƙa'idata ce ga kowa. Da ya shigo zan kira ka da kaina.

A tambayi mambobi: me mai kiran ya yi don ya sa ta jin kunya? Wace magana ce ta kare ta ba tare da ta zage shi ba? Sai wasu biyu su sake yi da nasu kalmomin.

Tambayoyin Tattaunawa
1. Wane kaya kike yi da zai iya kwana uku a hanya bai lalace ba?
2. An taɓa kawo miki tayin ninka kuɗi? Wa ya kawo, me kika ce?
3. Idan mai kawo tayin surukarki ce ko yayar mijinki, yaya za ki ƙi cikin ladabi?

Aikin Gida

Kafin taro mai zuwa kowace mamba ta yi abu uku: ta tara lambobin mutum 10 da za su iya sayen kayanta, ta lissafa duk abin da ta kashe a sana'arta na mako ɗaya har da data da caji, sannan ta koya wa mutum ɗaya a gidansu ƙa'idoji huɗu na karɓar kuɗi. Za mu buɗe taron da jin lissafin mata uku, don haka kowa ta zo da littafinta. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mana guminmu.